Bakin wanda ya faɗi zaɓe: Umma a Khartum, NEPU a Kano



A watan Nuwamba na 1953 aka yi zaɓen majalisa na farko a Sudan. Kujeru 97 ne a majalisar wakilai. Jam'iyyar Isma'il al-Azhari, mai neman haɗewa da Masar, ta kwashe 51, Umma kuwa, jam'iyyar da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi ke ɗaure wa gindi, ta tashi da 22 kacal. Kayen ya yi wa Ansar, mabiyan al-Mahdi, ciwo, kuma cikinsu akwai Hausawa da Fulani masu yawa, masu noma a Jazira Aba da gonakin audugar bakin kogi. Da yawa daga cikin waɗannan ko ƙuri'ar ba su jefa ba, domin dokar 1948 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda zuriyarsa ke nan tun ƙarshen 1897. Mutanen Mai Wurno, da suka iso daga Arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903, sai suka zama 'yan kallo a zaɓen ƙasar da suka haƙa wa magudanan ruwa.

Umma ta yi zargin cewa kuɗin Masar ne ya ci zaɓen. Abin da ta fara yi da wannan fushi ya kusa halaka ta. Ranar 1 ga Maris 1954, Janar Muhammad Najib na Masar ya sauka Khartum domin bikin buɗe majalisa. Dubban Ansar suka cika gari, da fararen jibbobi da tutoci, wasu da masu a hannu, suna kirarin Sudan ta 'yan Sudan ce. Kafin rana ta faɗi an gwabza da 'yan sanda kusa da fada, gawawwaki a ƙasa, har da Baturen da ke shugabantar 'yan sandan birnin. Aka ɗage bikin, aka gurfanar da wasu jagororin Ansar gaban shari'a, abokan hamayya suka samu abin goranta wa jam'iyyar.

Amma ba a soke ta ba, ba a kuma raba ta da bakinta ba. Jaridun al-Nil da al-Umma suka ci gaba da fita, 'yan adawa suka ci gaba da tashi a majalisa suna tambayar abu ɗaya: wane ne zai mulki Sudan in Ingila ta tafi? Da Jamal Abdunnasir ya ture Najib a ƙarshen 1954, zumuɗin haɗewa da Masar ya yi sanyi, Azhari da kansa ya juya. Ranar 19 ga Disamba 1955 majalisa baki ɗaya ta ayyana 'yancin kai. Manufar waɗanda suka faɗi zaɓe ce ta zama manufar ƙasa, kuma a Yuli 1956 Abdullahi Khalil, sakataren Umma, ya zama firayim minista.

A waɗannan shekaru a Kano, jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950, tana shan nata kayen. A 1954 jagoranta Malam Aminu Kano ya faɗi zaɓen majalisar tarayya a hannun Maitama Sule na NPC. Bambancin shi ne, can a Arewa bakin ne aka fi farauta. Ɗan NEPU ba zai yi lacca ba sai ya je ofishin En'e neman takardar izini, daga hannun hukumar da zai hau tebur ya soka. Sai a ce ya dawo gobe, goben ta zama jibi. In ya samu takardar, 'yan doka na tsaye a gefe suna sauraron kalmar da za a fassara da zagin sarki, alƙali kuma na jira da bulala ko wata shida. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da aka toshe dandali, maganar ta koma cikin waƙa, ta bi kasuwanni da rumfunan teloli da zauruka.

Koken 'yan NEPU ya kai gaban hukumar bincike ta Willink a 1958. A shekarar nan gwamnatin Arewa ta gayyaci masana shari'a su duba kotunanta, shugabansu kuwa alƙalin alƙalan Sudan ne, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuka na 1960, wanda aka ɗora bisa na Sudan. Bai kawo ƙarshen ɗaurin 'yan adawa ba, sai dai laifi ya zama rubutacce, lauya ya samu abin kamawa. Malam Aminu ya ci kujerarsa a 1959, kuma a 1979 jam'iyyar PRP ta magadan NEPU ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa.

Jam'iyyun biyu sun tsira ne saboda sun ci gaba da magana, ɗaya a majalisa da jarida, ɗaya a bayan fage. Jarrabawar da ta fi wuya ta zo wa Umma bayan ta hau. Ta fi kowa kujeru a zaɓen 1958, amma da gwamnatin haɗin gwiwarta ta fara tangaɗi, Abdullahi Khalil bai jira ƙuri'ar majalisa ba. Da saninsa Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1958, ya rushe majalisa, ya haramta dukkan jam'iyyu har da Umma, ya sa wa jaridu takunkumi. Shekara shida aka yi a haka, har zuwa Oktoban 1964, lokacin da 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi wajen tarwatsa wani taron muhawara a Jami'ar Khartum, gari ya tashi, mulkin Abbud ya faɗi.