Kayan Ƙwalam Na Bikin Yara: A Yi A Gida, A Tsira Da Zubi, A Samu Riba

(Jawabin da aka yi wa ƙungiyoyin adashin mata a Ƙofar Kibo, birnin Zariya. Mai jagorantar zama tana iya karanta shi ga ƙungiyarta, ta riƙa tsayawa ana tattaunawa.)

   

Maganar yau ta taso ne daga littattafan rance na ƙungiyoyinmu. Idan aka duba dalilin da ake rubutawa lokacin karɓar rance, da can za a ga jari, taki, kuɗin makaranta, sai magani. Yanzu wani sabon dalili ya fara leƙowa, kuma sau da yawa ba a rubuta shi da sunansa, sai a ce "hidimar gida". In an bincika, bikin zagayowar ranar haihuwar yaro ne, wanda yaranmu ke cewa bazde. Yaro ya cika shekara biyu ko uku, uwa ta ga hoton na 'yar maƙwabta a waya, kek mai hawa biyu da fuskar katun a kai, sai ta ji ita ma ba za a bar nata a baya ba. Ta karɓi rance, a ci kek cikin rabin sa'a, ita kuma ta yi wata uku tana biya.

Ku tuna asalin wannan tsari namu. A yankin Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta yi aiki da matan karkara, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban, zubi kowane mako, rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, a ƙarshen zango a raba. An ɗora shi ne a kan cewa kuɗin da ya fita zai je ya yi aiki ya dawo. Rancen da aka cinye a biki ba shi da inda zai haifo kuɗin biyan kansa, sai dai a sayar da akuya. To idan mutum biyu ko uku suka makara, wadda ke jiran jarin gyaɗa lokacin kaka ita ce za ta rasa.

Na san a cikinmu akwai gidajen da ba sa yin wannan biki sam, malamansu sun hana, wasu kuma suna yi. Ba hukunci na zo yankewa ba, wannan na malamai ne. Abin da zan koya muku yana aiki a suna, da yaye, da goron Sallah, da walimar sauka, da ranar rufe makaranta. Duk inda yara suka taru, ana neman abin da za a ƙulla musu a leda.

Me yaro ɗan shekara uku ke so a jikin kek ɗin nan mai tsada? Ba ɗanɗanon ba ne, don yawanci lasar saman yake ya ture sauran. Siffar ce. Ya ga abin da ya sani, ya nuna da yatsa, ya kira sunansa. To siffa kuwa ba ta da tsada. Kwaɓin cincin ɗin da kika saba, in kin yanka shi murabba'i cincin ne, in kin fitar da shi kifi ko tauraro ya zama abin biki, alhali fulawar ɗaya ce.

Ga kwaɓin da ke riƙe siffa. Fulawa kofi huɗu, sukari rabin kofi, bota cokali huɗu manya, ƙwai biyu, gishiri ɗan kaɗan, bekin foda rabin ƙaramin cokali, sai madara ko ruwa daidai yadda zai haɗe. Ku lura da bekin foda ɗin nan. In kika cika shi, kwaɓin zai kumbura a wuta, zomonki ya fito kamar kwaɗo. A yi kwaɓin da tauri, a rufe shi ya huta kamar minti ashirin, sannan a murza da kwalba mai tsabta a kan faranti ko tebur da aka barbaɗa wa fulawa. Kaurinsa kada ya kai na ƙaramin yatsa.

Abin yanka siffa ana samunsa wurin masu kayan kek a kasuwar Sabon Gari, amma ba dole ba ne. Bakin kofi yana fitar da da'ira. Ki sake dora kofin a gefen da'irar ki yanke, kin samu jinjirin wata. Ɓeran nan na katun mai manyan kunnuwa, Mickey Mouse, da'ira uku ne kawai: babba ɗaya da bakin kofi, ƙanana biyu da murfin gora, a shafa ɗan ruwa a manne su. Kifi da tsuntsu da zomo kuwa, ki sa ɗanki na firamare ya zana miki a kwali mai tsabta, ki yanke, ki riƙa ɗorawa a kan kwaɓi kina bi da bakin wuƙa. Wasu na lanƙwasa gwangwani su yi abin yanka. In za ki yi haka, ki kai wa maƙeri ya naɗe bakin, don yankan gwangwani ba wasa ba ne, kuma da ya fara tsatsa a jefar.

Ni dai a ganina bai kamata mu tsaya ga katun ɗin waya ba, alhali muna da namu. Wane yaro ne aka yi wa tatsuniya bai san Gizo da Ƙoƙi ba? Ga kura, ga zomo, ga kunkuru. Kunkuru ma ya fi kowa sauƙi: da'ira ɗaya, a zana mata layi-layi da bayan wuƙa, a manna kai da ƙafafu huɗu. Gizo ne mai wahala, don ƙafa takwas gare shi, kuma a mai suke karyewa. Dabarar ita ce a gajarta ƙafafun, a yi su da kauri, a gasa maimakon a soya. Ranar bikin sai kaka ta zauna ta ba su labarin Gizo, kowane yaro da nasa Gizon a hannu. Wannan ba a sayar da shi a kanti.

Akwai gidan da ba a son siffar abu mai rai. Ki tambaya tun kafin ki kwaɓa. Ga wata, ga tauraro, ga fure, ga mota, ga dagin Arewa ga mai haƙurin nadi, ga harafin farko na sunan yaron. Na walimar sauka kuwa, siffar allo ake yi, amma a bar shi fili, kada a rubuta komai a kai.

Wadda ba ta da abin gashi, tukunya ta isa. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora a wuta ya yi zafi, a sa duwatsu uku ƙanana ko murfin tukunya a kife, a ɗora farantin ƙarfe da aka shafa wa mai, a rufe. Garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Ki fara gwada guda uku ki ga yanayin wutarki kafin ki zuba duka. Haka ake gasa ƙananan kek a gwangwanin madara.

Tuwon madara ya fi kowane karɓar siffa, kuma ba ya son mai ko gashi. Sukari kofi ɗaya da ruwa rabin kofi a dafa har ya fara danƙo tsakanin yatsu, a rage wuta, a riƙa zuba madarar gari ana tuƙawa har ya haɗe kamar tuwo, wajen kofi uku yake ci. A juye a faranti mai ɗan mai, a murza tun da ɗumi, a yanka. In ya huce kafin ki yanka, tsagewa zai yi. Sai dai madara ta yi tsada, don haka a yi shi ƙanana, guda ɗaya ko biyu a kowace leda, sauran a cika da cincin.

Sai maganar kala, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Kada a sayi garin kala da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba. Ba ki san ko na abinci ne ko na rini ba, mai sayarwar ma wani lokaci bai sani ba. In za a saya, a sayi na kwalba a rufe, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ɗiga kaɗan. Mafi kwanciyar hankali kuma yana cikin madafinki. Kurkum ɗan mitsitsi yana ba da rawaya. Ruwan karas da aka goga aka matse yana ba da ruwan lemo. Garin zogale yana ba da kore, amma a yi hankali, in ya yi yawa yara za su ji ɗanɗanon miya su tofar. Zoɓo yana ba da ja mai kyau, sai dai yana da hali: in kika zuba shi cikin kwaɓi mai bekin foda, ja ɗin zai juye ya koma toka-toka, in kuma kika zuba a madara mai zafi, tsaminsa zai tsinka ta. Wurinsa shi ne a dama shi da garin sukari ya yi kauri, a zana ido da baki da shi bayan abin ya huce.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Mai bikin da abokansa ƙanana ne, maƙogwaronsu siriri ne, turamen haƙoransu ba su gama fitowa ba, kuma suna ci ne suna gudu suna dariya. Gyaɗa guda-guda, aya, alawa mai tauri, gullisuwa, gugguru, dabino da ƙwallonsa, duk waɗannan ba na yaron da bai kai shekara biyar ba ne. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana iya bin hanyar numfashi ta sauka huhu, sai an kai ga likitoci sun ciro ta. Kada ki yi wa kifinki ido da gyaɗa ko ƙaramar alawa, ki ɗiga zoɓo. Kada ki soke komai da tsinken sakace. Ledar ma a ƙulle ta da hannu, ban da fil ɗin maƙale takarda. Balan-balan da ta fashe a tsince ta nan take, don yara na tsotsa.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Na ƙasa da wata shida kuwa nono kaɗai, ko an ga yana kallon bakin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaran da ba su kai shekara biyu ba a nisanta su da abinci mai yawan sukari. To me za a ba su ranar biki? A yanka gwanda ko kankana falle-falle, a cire 'ya'yan, a fitar da tauraro da abin yankan nan. A dafa dankalin Hausa, a murƙushe shi da ayaba, a mulmula a yi kunkuru mai laushi. Zaƙinsa ya ishe su. Kuma a zaunar da yara a tabarma kafin a raba, babba ɗaya yana kallonsu.

In ya faru yaro ya shaƙe, yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, kada a ba shi ruwa, kada a zura yatsa ana lalube, don tura abin ciki ake yi. A kifa shi a kan cinya, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya ruga neman abin hawa. Nan cikin gari ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga kuma asibitin koyarwa a Shika. Ku na ƙauye ku san asibiti mafi kusa da ku tun kafin ranar. Ko abin ya fito, in yaron ya ci gaba da tari ko numfashinsa na ƙara, a kai shi a duba.

Mu dawo kan kuɗi. Wadda ta iya wannan, ta tsira da zubinta, kuma ta samu sana'a, don maƙwabciyar da ta gani za ta ce a yi mata. Amma a yi lissafi da biro. Ga misali, ku sauya alƙaluman da farashin kasuwarku na yau. A ce kayan haɗi sun ci naira 6,000, gawayi 500, leda 300, kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa 700. Jimla 7,500. In kin fitar da guda 150, kowane ya tsaya miki a naira 50. Kika sayar a 80, kin tashi da 12,000, riba 4,500. To amma goma za su karye ko yaran gida su yi musu dirar mikiya, ribar ta koma 3,700. Wannan shi ne ladan wuninki guda. Ki dube shi ki ga ko ya biya ki. Mata da yawa suna manta gawayi da kuɗin mota, su ga kuɗi a hannu su ɗauka riba ce, sai an zo sake sayen fulawa a ga jari ya zaizaye.

Kada ki ɗora tukunya sai an ba ki kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin. Abin da aka yi da harafin sunan wani yaro ba ya sayuwa ga wani. Ko 'yar uwarki ce, ki ce dokar ƙungiya ce, mu mun yarda ki jingina da mu. Ki kuma tambayi uwar ko akwai yaron da ƙwai ko madara ko gyaɗa ke sa wa ƙuraje ko kumburi. Cincin da ya soyu ya huce sarai kafin a ƙulle yana yin makonni, amma tuwon madara a yi shi ana gobe biki, musamman da damina. Man da ya yi baƙi a daina suya da shi, kuma kada a tsane cincin a takardar jarida, tawadar na bin mai.

Wata hanyar rage tsada ita ce ku haɗa kai. Mutum biyar su sayi fulawa da sukari a sari su raba, abin yanka siffa kuma a saya da kuɗin ƙungiya, ya zauna wurin ma'ajiya, mai buƙata ta ara ta sa hannu a littafi.

Zama mai zuwa, kowace ƙungiya ta zo da kwaɓin kofi biyu, kwalba ɗaya, da zane uku a kwali. Sakatariya ta zo da farashin fulawa, sukari, mai da madara na wannan makon, mu yi lissafin tare a kan allo. Hajiya shugaba, na ga hannu biyu a can baya, bari mu ji tambayoyinsu.