Daga Ƙofar Makaranta Zuwa Bakin Kwalta

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan malaman reshenmu ya gabatar a taron ƙarshen zangon karatu, a birnin Kano.)

 



Na san da yawa daga cikinmu sun zo da fatan jin inda aka kwana a kan ƙarin girma da kuɗin hutu, kuma haƙƙinmu ne mu bi sawunsu. Amma na roƙi shugaba ya ara mini 'yan mintoci in yi magana a kan taku ashirin ɗin da ke tsakanin ƙofar makaranta da bakin kwalta, wurin da ba ya cikin jadawalin kowa, alhali kullum sau biyu 'ya'yan amanarmu ke ratsa shi.

A zangon da ya gabata, wata yarinya 'yar aji huɗu a makarantar da nake koyarwa ta fito bayan an tashi, riƙe da hannun ƙanenta. Adaidaita sahu biyu sun tsaya daidai bakin ƙofa suna jiran fasinja, sun tare mata ganin hanya. Tana sa ƙafa a kwalta, wani babur ya ɓullo daga bayansu a guje. Allah Ya tsare ƙanen, ita kuwa ta karye a cinya, ta yi wata biyu kwance, jarrabawa ta wuce ta. Da muka je kan wanda ya buge ta, sai muka tarar da yaro ɗan shekara goma sha shida da aka aika cefane a kan roba-robar yayansa, yana ta rawar jiki. Tsohon ɗalibinmu ne. Ni na koya masa lissafi a aji biyar, kuma ban tuna ranar da na taɓa yi masa maganar titi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku dubi waɗannan shekaru da kyau: daga ɗan aji ɗaya ne har zuwa sabon malamin da ya fito daga kwalejin ilimi.

Kafin babur ya taɓa jikin yaro ma, ya riga ya shiga ajinsa. Duk wanda ajinsa ke kallon titi ya san yadda ake tsayawa a tsakiyar jimla a jira wani matashi da ya cire salansa ya gama murɗa totur. Hukumar da na ambata ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke shiga aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi, wato kusan shirun ɗakin karatu. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta yi nazari a wata firamare a birnin New York da ke daf da layin dogo. Ta gano cewa 'yan aji shida da tagoginsu ke fuskantar jirgin ƙasa sun kasance a baya da kusan shekara guda a karatu, idan aka gwada su da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka sa roba a layin dogon, aka kuma gyara silin ajujuwan, wannan tazara ta gushe. Mu a nan, idan sakamako ya lalace, malami ake fara tuhuma. Shi ya sa nake ganin ƙarar titi tana cikin sharuɗɗan aiki, daidai da allo da alli, kuma ƙungiya tana da bakin magana a kanta.

To, ina hukuma? Bari mu tuna abin da muka gani da idonmu. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. A farkon 2009 ta tashi tilasta sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce shingen jami'ai. Bayan ɗan lokaci magana ta lafa. A 2012 aka kafa KAROTA. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni. Dalilin wannan hani tsaro ne, kuma ya yi tasiri: acaɓa ta ja baya, adaidaita sahu ta cika gurbinta. Sai dai babur na gida yana nan, yawansa ma ƙaruwa yake yi, kuma mai tuƙa shi sau da yawa bai taɓa ganin takardar lasisi ba.

Idan kuka gwama dokar hular kwano da dokar hana goyo, za ku ga darasin da kowane malami ya riga ya sani. Wadda aka tsaya a kanta kullum ta zauna, wadda aka yi wa kamun mako guda ta bi ruwa. Haka aji yake. Malamin da ke yin bulala goma ranar da ransa ya ɓaci, gobe kuma ya kau da kai, abin da yake koya wa yara shi ne su karanci fuskarsa, su manta da dokar. Wanda hukuncinsa ƙarami ne amma ba ya tsallake kowa, ko ɗan hedimasta ne, shi ke da aji mai natsuwa. Matuƙi ma haka: tarar da ya tabbata za a ci shi, da rasidi, ta fi tsorata shi a kan babbar tara da ya san ana iya sasantawa a gefen hanya. Jami'in da ke tsaye cikin rana tun asuba ma'aikaci ne irinmu, yana kuma buƙatar jama'ar da za ta mara masa baya maimakon ta taru tana ba mai laifi haƙuri.

Saboda haka ina gabatar wa reshe shawarwari huɗu.

Na farko, kowace makaranta ta rubuta halin da ƙofarta ke ciki: hatsari nawa aka yi a bara, da wane lokaci, kuma ajujuwa nawa ke kallon titi. Sakatare ya haɗa su wuri guda. Koke da alƙaluma ya fi koke da baki nauyi a ofis.

Na biyu, da wannan takarda mu je wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da jami'an hanya, mu nemi tudun rage gudu, da layin tsallakawa, da allon iyakance gudu zuwa kilomita 30 a awa, wanda shi ne abin da masana ke ba da shawara a inda yara ke cuɗanya da ababen hawa. Mu nemi jami'i ɗaya na rabin awa da safe da rabin awa lokacin tashi, a kowace ranar karatu.

Na uku, mu zauna da shugabannin 'yan adaidaita sahu na unguwanninmu, a ware musu wurin tsayawa nesa kaɗan da ƙofa. Yawancinsu iyayen ɗalibanmu ne. Mu haɗa da masu unguwanni da limamai da kanikawan da ke cire wa yara salansa.

Na huɗu, mu farfaɗo da kulob ɗin kiyaye haɗurra a makarantunmu, mu kuma ba shi minti biyar a taron safe na kowace Litinin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane yaro ya haddace lamba 122, ta kiran agajin hukumar kiyaye haɗurra.

Saura magana ɗaya, kuma da kaina zan fara. Tun zamanin Udoji, lokacin da magabatanmu suka sayi Besfa, babur ya zama dokin malami. Nawa ne a cikinmu suka zo wannan taro da hular kwano? Nawa ne ke ɗora yara uku a babur, ɗaya a kan tanki, su bi hannun da ba nasu ba don kada a rufe rajistar safe? Ni na yi, ba sau ɗaya ba. Ɗaliban da ke tsaye a bakin ƙofa suna kallo, kuma abin da suka gani ya fi abin da muka rubuta a allo zama a zukatansu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yarinyar nan ta dawo makaranta, tana ɗan ɗingishi. Mahaifinta ya tambaye ni ko an yi wani abu a kan ƙofar, na ce masa zan kai maganar gaban 'yan'uwana. Ga shi na kawo. Ina roƙon shugaba ya sa a kafa kwamiti kafin mu watse, domin mu shiga sabon zango da takarda a hannu.

Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu a fita da dawowa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.