Kwamfuta Ɗaya, Manhaja Biyu: Wa Ke Riƙe da Ƙofa?



Mu ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wanda ya mallaki kwamfuta ɗaya a cikinmu ya gode Allah. Duk da haka sau da yawa karatu kan tilasta mana ɗora mata manyan manhajoji biyu, watau Windows da Linux. To, tun da ba a sarki biyu zamani ɗaya, wa zai raba musu kwana?

Wannan aikin GRUB ne, wata ƙaramar manhaja mai tsaron ƙofa. Da zarar an kunna kwamfuta, ita ke tambayarmu ɗakin da za mu shiga. In ta lalace, kayanmu na nan ciki, amma ƙofa ta rufe.

Saboda haka mu kiyaye abu uku. Na farko, mu fara ɗora Windows, sannan Linux, domin in Windows ta zo daga baya takan ture GRUB ta tsaya a madadinta. Na biyu, kada mu goge sashen Linux sai mun mayar wa Windows ƙofarta, don a can GRUB ke ajiye yawancin kayan aikinta. Na uku, kafin mu raba faifai, mu kwafe aikinmu a filash. Kowa ya san halin wutar lantarki. In ta ɗauke ana tsakiyar rabo, binciken shekara guda na iya salwanta.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu sa'a.