BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Yaranmu Da Guraben Karatu A Manyan Jami'o'i

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a babban taronmu na shekara-shekara a Birnin Kebbi)

 

Ina roƙon Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi magana a kan tambayar da iyaye suka fi yi mana a kowace shekara, wato, yaron da ya gama makarantarmu, wace dama yake da ita ta samun gurbin karatun likitanci ko shari'a ko injiniya a babbar jami'a? An ɗora mani wannan nauyi ne saboda na yi wasu shekaru ina zama cikin kwamitin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a, na kuma ga yadda ake tankaɗe da rairaya. Zan faɗi abin da na sani tsakanina da Allah, ko da wani sashe nasa ba zai yi daɗin ji ba.

Da farko ya kamata mu san cewa zamani ya sauya. Lokacin da aka kafa Hukumar JAMB a shekarar 1978, jami'o'i 13 ne kacal a ƙasar nan, kuma a wannan yanki namu gwamnati ce ke bin yara tana lallashi su tafi karatu, har da ba su alawus. Mu da muka rubuta jarrabawar da fensir a kan takarda mun tarar da ɓurɓushin wannan gata. Yau jami'o'i sun haura 250. A nan jiharmu, wadda aka ƙirƙiro a 1991, an buɗe ta Aliero a 2006, ta tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, sannan ta aikin gona ta Zuru a 2020. Amma duk da haka cunkoso sai ƙaruwa yake yi, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa.

Ga misali, a shekarar 2025 yara fiye da miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB. A sakamakon da aka fara fitarwa, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba cikin 400. Waɗanda suka sami 300 ko fiye kuwa ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. A wannan shekarar aka tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa. To, a nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Uba ya ji ɗansa ya ci 190, ya ji an ce 150 ake nema, sai ya fara kiransa Likita. Alhali kuwa 150 izinin tsayawa a bakin ƙofa ne kawai. Kowane sashe na jami'a yana da nasa ma'auni, kuma a sashen likitanci na manyan jami'o'in tarayya, yaron da bai kusanci 250 ko ya wuce ba, da wuya a ko duba takardunsa.

Me ya sa likitanci da shari'a suka fi tsauri? Dalili shi ne ba jami'a kaɗai ke da ta cewa ba. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka ma majalisar kula da ilmin shari'a ke yi wa sassan koyon aikin lauya. Jami'ar da ta zarce adadinta tana iya fuskantar hukunci. Saboda haka idan an ce maka gurbi ya cika, sau da yawa ya cika ɗin ne da gaske. Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan ba. Jami'ar Harvard ta Amurka, a shekarar 2024, cikin kowane mutum ɗari da suka nema ba ta ɗauki ko huɗu cikakku ba.

Yanzu bari in zo kan maganar kason jihohi, wadda ita ce ta fi jawo mana gori daga wasu sassan ƙasar, ita ce kuma ta fi sa mu sakankancewa. Ƙa'idar da jami'o'in tarayya ke bi ta raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina ya fito. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Sauran kashi 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani ne, su 23, kuma Kebbi tana cikinsu.

Mu ɗauka wani sashen likitanci yana da gurbi 100. Idan yaronmu ya nemi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ƙofa uku ke gabansa, domin muna cikin yankinta. Idan kuwa ya nemi ta Ibadan ko ta Legas, ƙofa biyu ce, ta cancanta da ta jihohin da ke baya. To, amma ku yi lissafin da malamanmu suka koya mana. Gurbi 20 a raba wa jihohi 23, kowace jiha ba ta tashi da ko gurbi ɗaya cikakke ba! Ashe ƙofar da muke dogaro da ita, ita ce mafi ƙunci a cikin ukun. A ƙofar yanki kuma ba mu kaɗai ba ne, da yaran Sakkwato da Zamfara za a yi takara, cikinsu har da 'ya'yan malaman jami'a da waɗanda suka yi makarantun kuɗi masu tsada. Bugu da ƙari, babu ƙofar da ke karɓar yaron da bai cika sharuɗɗan sashen ba. Na sha ganin an zo kan gurbin wata jiha, aka duba aka rasa ɗanta ko ɗaya da ya cika sharaɗi, aka miƙa gurbin ga wasu. Kaso yana rage tsawon katanga, amma ba ya ɗaukar mutum ya tsallakar da shi.

'Yan'uwana na Argungu sun fi ni sanin ranar su a Matan Fada. Dubban mutane ke faɗawa ruwa a lokaci ɗaya, kowa da gorarsa da homarsa, amma kaɗan ne ke fitowa da giwan ruwa. Akwai rabo a ciki, babu shakka. Sai dai ba mu taɓa jin wanda bai iya iyo ba, ko wanda ya zo da yagaggiyar homa, ya ɗauki kyauta ba. Abin da nake so mu riƙe daga wannan jawabi ke nan: yawancin yaranmu ba a ɗakin jarrabawa suke rasa gurbi ba, tun shekara uku kafin ranar suke rasa shi. Ga wuraren da homar ke yagewa.

Na ɗaya, zaɓen darussa a aji huɗu, wato farkon babbar sakandare. Mai son likitanci dole ya sami kiredit a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta a same su a zama ɗaya. Mai son injiniya a JAMB zai rubuta Turanci, Lissafi, Fizis da Kemistiri. Mai son shari'a kuwa yawanci sai da Adabin Turanci. Yaro nawa muka gani yana burin zama lauya, amma bai taɓa zama ajin Adabi ba, domin babu wanda ya gaya masa, ko domin makarantar ba ta da malamin?

Na biyu, ƙarfin sakamakon WAEC ko NECO. Wasu jami'o'i suna haɗa makin JAMB da na jarrabawar tantancewa da su kansu suke yi, wadda aka soma a 2005, wasu kuma suna ƙara da darajar da yaro ya samu a kowane darasi. A irin wannan lissafi, A1 da C6 duk kiredit ne, amma tsakaninsu akwai tafiya. Kuma ina jan kunnenmu game da cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yaro jarrabawa. Yaron da aka saya wa sakamako, ko ya shiga, jarrabawar shekarar farko ko ta biyu za ta fallasa shi, a sallame shi daga sashen bayan an yi asarar kuɗi da shekaru.

Na uku, kwamfuta. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya taso daga Gulma ko Augie ko Kalgo, wanda ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko ta zama gaban na'urar, zai ɓatar da lokaci mai tsada yana laluben inda zai danna, alhali amsar tana cikin kansa.

Na huɗu, cike takardu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin wannan lamba da takardar WAEC, an shiga wahala. Manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Sannan tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta tsarin CAPS na Hukumar JAMB take bi. Wanda bai ɗora sakamakonsa na sakandare a kan tsarin ba, ba za a gan shi ba, wanda kuma aka ba gurbi bai shiga ya karɓa a kan lokaci ba, yana iya rasa shi. Akwai yara masu ƙoƙari da suka zauna gida shekara guda saboda an bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa musu jami'a da kwas.

To, mene ne namu a ciki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa nake gabatar wa wannan taro shawarwari guda biyar, ina kuma roƙon a tattauna su kafin mu watse.

Ɗaya, a farkon kowace shekarar karatu, likitocinmu da lauyoyinmu da injiniyoyinmu su zo su zauna da 'yan aji huɗu kafin su zaɓi darussa. Biyu, mu ɗauki nauyin darasin ranar Asabar a Fizis, Kemistiri, Lissafi da Turanci, mu riƙa ba malaman da 'yan hidimar ƙasa ɗan abin ihisani, mu kuma sayi kayan ɗakin gwaje-gwaje. Uku, mu haɗa kwamfutoci ko da ashirin ne, da wuta mai aiki da hasken rana, domin kowane ɗan aji shida ya gwada jarrabawar sau da yawa kafin ta gaske. Huɗu, mu kafa ƙaramin kwamiti a Birnin Kebbi da wani a Argungu, waɗanda za su duba takardun kowane yaro kafin rajista, su kuma bi shi bayan sakamako ya fito, domin wanda makinsa bai kai ba ya canja kwas tun da sauran lokaci. Biyar, mu buɗe asusun biyan kuɗin fom da kuɗin mota zuwa jarrabawar tantancewa ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka soma a 2024 sai yaro ya shiga makaranta yake samunsa, kuɗin isa bakin ƙofar kuwa yana wuyanmu.

Ina kuma da magana da mu iyaye. Ba kowane yaro ne zai zama likita ba, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Ƙasar noma da kiwo da su muke ciki. Muna bukatar likitocin dabbobi, masu haɗa magunguna, ma'aikatan jinya, masu gwajin jini da masana aikin gona. Masana'antar sarrafa shinkafa da aka buɗe a Argungu a 2017 da takwarorinta na Birnin Kebbi suna bukatar injiniyoyi, kuma ya fi kyau a same su cikin 'ya'yan masu noma fadamar. Wanda kuma ya dage kan burinsa amma bai samu a karon farko ba, akwai hanyar IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, inda mai sakamako mai kyau yake shiga aji biyu kai tsaye, akwai kuma makarantun share fage irin ta Funtuwa. Sannan kada mu manta da 'ya'yanmu mata. Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa Asibitin Sir Yahaya yana neman likita mace ya san amfanin barin yarinya mai ƙoƙari ta kai ƙarshen karatunta.

Game da masu zuwa wurinmu da takardar yaro suna cewa a yi masa hanya, amsata ita ce, hanyar da ta fi tabbas ita ce wadda aka fara sharewa tun yaro yana aji huɗu. Alfarma, in ma ta yiwu, yaro ɗaya take shigarwa, ta hanyar danne haƙƙin wani. Aikin da na zayyana kuwa aji guda zai ɗaga, shekara bayan shekara.

Daga ƙarshe, iyayenmu malamai, ku kuka tsaya a kanmu da alli da bulala a lokacin da ba mu san ciwon kanmu ba. Ba mu da abin biyan ku, sai dai mu yi wa na bayanmu irin abin da kuka yi mana. Ina roƙon sakatare ya rubuta sunayen waɗanda za su shiga kwamitocin nan biyu yau ɗin nan, ma'aji kuma ya buɗe littafinsa, ni ne zan fara sa hannu.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya.