Shirin Tafiya Ƙasar Waje da Iyali: Jawabi ga Magidantan Yawuri, Ngaski da Shanga



Maganar da na zo da ita yau ita ce ta shirin da ya kamata magidanci ya yi in ya ƙudura zai fita da iyalinsa zuwa wata ƙasa, ko don Umra, ko don ziyarar dangi a Nijar da Jamhuriyar Benin da Gana, ko kuwa don yara su buɗe ido lokacin hutun makaranta. Tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutanen ƙasar nan. Fataken goro masu zuwa Gwanja ta Yawuri su ke ratsawa, su ƙetare Kwara su faɗa Bargu, har su kai Salaga, masuntanmu kuwa sun daɗe suna bin ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. Amma a zamanin fatake madugu shi ke ɗauke da nauyin ayari duka. Yanzu ko wane maigida shi ne madugun iyalinsa, abin da a ke tambaya a bakin iyaka kuma takarda ce, ba sanayya ba.

Farkon abin da za a yanke shi ne lokaci. Babban hutun 'yan makaranta yana faɗowa ne tsakiyar damina, watau sa'ad da gona ta ke bukatar mai ita, hanyoyi kuma sun lalace, Kwara ta cika. Hutun watan Disamba gajere ne, amma a ganina ya fi dacewa da manomi: an gama kaka, kuɗin shinkafa sun shigo hannu, sanyi kuma ya sauko. Mai niyyar Umra ya tuna watan azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 ko wace shekara, kuma a goman ƙarshe ne masauki ya fi tsada, cunkoso ya fi tsanani. Wanda zai tafi da tsohuwa da ƙananan yara ya duba wannan da kyau. Zafin Makka ba abin wasa ba ne. A aikin Hajjin 1445, watau 2024, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda zafi.

To, sai takardu, nan ne kuwa yawancin tafiye-tafiye su ke lalacewa tun ba a bar gida ba. Hukumar Shige da Fice ita ke ba da fasfo, tana da ofis a Birnin Kebbi. Ko wane rai da nasa fasfon, har jaririn da a ke goyo. Ba a liƙa yaro cikin fasfon uwarsa kamar yadda a ke yi a da. Kafin a je neman fasfo, lalle ne ko wane mutum ya sami lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko takardar rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yaro kuma sai da takardar amincewar iyayensa.

Ina roƙonku ku zauna da wani mai karatu, ku jera takardun nan, ku duba su harafi harafi. Sau da yawa a kan tarar an rubuta yaro Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a wurin NIN, a makaranta kuma ana kiransa da sunan garinsu. Wata uwargida a wannan takarda sunan mahaifinta ne, a waccan sunan mijinta. Wani an rubuta masa shekarar haihuwa da ka, an sāke wata a wani wuri. A gida duk mun san mutum guda ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, kuma ba ta jin lallashi. Gyaran suna ko na shekaru ya kan ci makonni, wani lokaci watanni. Don haka na ke cewa a soma neman takardu aƙalla wata uku kafin ranar tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin fasfo ya tashi. Tun daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuwa naira 200,000. Ashe ke nan maigida da uwargida da yara huɗu za su biya naira 600,000 kafin su sayi tikiti ko ɗaya. Ta intanet a ke cika takardar nema, ta nan kuma a ke biya, sa'an nan mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu ya kawo maka fasfo har gida ba tare da ka je ofis ba, ka rabu da shi. Mai tsohon fasfo kuma ya buɗe ya duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, ba su karɓar fasfon da bai rage masa wata shida ba.

Mai zuwa ƙasashen maƙwabta yana da sauƙi. An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, a 1979 kuma aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba ɗan ko wace ƙasa a cikinta damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Akwai takardar shaidar tafiya ta ECOWAS da Hukumar Shige da Fice ke bayarwa, ta fi fasfo araha, tana kai mutum Benin da Togo da Gana, amma ba ta kai shi Jidda. Sai dai a lura, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da har sai an ba da wata sanarwa, amma irin wannan al'amari ya kan sāke cikin dare guda. Mun ga an rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufe iyakar Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kafin ka ɗora iyali a mota zuwa Kamba da niyyar ƙetarawa Gaya, ko zuwa Tsamiya ta ƙasar Bagudo da niyyar shiga Benin, ka tambayi ma'aikatan shige da fice halin da a ke ciki a makon nan, ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya. Arewacin Benin da yammacin Nijar sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, ba wurin tafiyar dare ba ne.

Wani zai ce, ai ga hanyar daji, ga jirgin ruwa, kakanninmu ba su san hatimi ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya shiga ƙasa ba hatimi a takardarsa, in wani abu ya same shi, ba shi da bakin magana gaban hukuma. Dattawan da ke nan sun tuna 1969, sa'ad da Gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takardu, mutane suka dawo sun bar shaguna da gidaje. In kuwa uwargida ce za ta tafi da yara ba tare da maigida ba, ko za a tafi da ɗan riƙo, a riƙe takardar amincewar mahaifi da takardar haihuwar yaron, gama ma'aikatan iyaka suna sa ido ƙwarai kan masu safarar yara, kuma suna da hujjar tsayar da ku.

Batun allura gajere ne, amma tilas ne. Akwai katin nan mai ruwan ɗorawa na shaidar allurar shawara, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin shige da fice ke bayarwa. Ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ana yi wa yaro daga wata tara, tun 2016 kuma allura guda ta isa har ƙarshen rai. Mai zuwa Umra zai ƙara da allurar sanƙarau, ita ma kwana 10 kafin isa, da ɗigon shan inna. Akwai masu sayar da katin ba allura. Wanda ya saya ya ruɗi ma'aikaci, amma bai ruɗi sauro ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai ishe shi har dawowa, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Mace mai tsohon ciki ta ga likita tukuna, domin kamfanonin jirgi ba su ɗaukarta in haihuwa ta kusa.

Kuɗi kuma, a san na ko wace ƙasa. Nijar da Benin da Togo sefa guda su ke kashewa. Sefar Kamaru da Cadi dabam ce. Gana tana da sidi, Saudiyya riyal, wanda a ke canjin 3.75 a kan dala guda. A canja wani abu tun a gida, kada a dogara ga katin banki kaɗai. A raba kuɗin gida biyu, rabi wurin maigida, rabi wurin uwargida, a kuma ware kuɗin dawowa a ɓoye shi kamar ba shi. Wanda zai fita da abin da ya wuce dala 10,000 doka ta ce ya bayyana wa kwastan. Ban ce da yawa daga cikinmu za su shiga wannan wahala ba, amma 'yan kasuwar albasa da na kifi su ji.

Mai neman Umra ya bi ta kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta ba lasisi. A nemi ganin lasisin, a biya ta banki, a karɓi rasiɗi, a sa su rubuta sunan masauki da nisansa daga Harami da ranar dawowa. "Kusa da Harami" a bakin ɗan kamasho tana iya zama tafiyar da tsohuwa ba za ta iya yi sau biyar a yini ba. Bizar Umra kuwa ba ta Hajji ba ce. A 2025 hukuncin wanda aka kama zai yi Hajji ba izini ya kai tarar riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar har shekara 10.

Yanzu na zo kan kaya, ina so ku saurara da kyau. Ɗabi'armu ce in maƙwabci ya ji za ka yi tafiya ya kawo ƙulli ya ce ka miƙa wa ɗan'uwansa, kai kuma kunya ta hana ka buɗewa. A ajiye wannan kunya. Duk abin da ke cikin akwatin da ke ɗauke da sunanka, naka ne a wurin shari'a, Saudiyya kuwa tana yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya. A Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a can, domin waɗansu miyagu a filin jirgin sama sun liƙa sunanta ga wata jaka mai ƙwayar taramol wadda ba ta san da ita ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 ta fito, bayan Gwamnatin Tarayya ta sa baki. Saboda haka ka ɗaure kayanka da hannunka, ka ƙidaya akwatunanka a wurin awo, ka ƙidaya 'yan takardun shaidar kaya da aka ba ka, ka tabbata adadin ya yi daidai. Saƙo kuma a buɗe shi gaban mai shi, in ya ƙi a mayar masa. Goro ma Hukumar Alhazai ta sha gargaɗi kada a tafi da shi Saudiyya; dattawa su yi haƙuri na 'yan makonni. Yawancin jirage kilo 23 su ke yarda wa akwati guda, ruwa ko turare a jakar hannu kuma kada kwalba ta wuce mililita 100.

Mai tafiya da motarsa ya nemi inshorar ECOWAS mai katin ruwan ƙasa, da takardun mota cikakku. Daga Ikko zuwa Akara iyaka uku za a ƙetare, a ko wace a sauka a buga hatimi, yara kuwa su kan gaji. A yi musu guzurin ruwa da abin taɓawa. Agogon Gana da Togo yana bayan namu da sa'a guda, na Saudiyya yana gaba da sa'a biyu. Harshe ba zai dame ku ƙwarai ba, gama ana jin Hausa a Gaya da Dosso da Yamai, da zangon Kumasi da Nima ta Akara. Duk da haka a rubuta wa ko wane yaro sunansa da sunan masauki da lambar wayar mahaifinsa, a sa masa a aljihu.

Kada kuma a mance tafiya daga ƙofar gida ta ke somawa. Mutanen tsibirai da na ƙetaren ruwa sai sun hau jirgi kafin su sami mota a Yelwa ko Wara. Ba wanda ya mance hatsarin 26 ga Mayu 2021 kusa da Wara, inda jirgi maƙare da mutane ya nutse, aka yi hasarar rayuka masu yawa. A ƙetare da rana, a sa rigar ruwa, jirgin da ya cika a jira na bayansa. Gara a kwana a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja daren tashi, a isa filin jirgi sa'a uku kafin lokaci, da a yi sammako ana tsere da rana.

Gidan da za a bari shi ma yana bukatar shiri. A damƙa gona da dabbobi da jirgi da taru ga wani amintacce gaban shaida, a biya bashin da za a iya biya, sauran a rubuta. A gaya wa mai unguwa ranar tafiya da ranar dawowa, amma ba sai an buga a Facebook duniya ta san gida ba kowa ba. A ɗauki hoton fasfo da biza da katin allura, a bar kwafi wurin ɗan'uwa, a ajiye wani a waya. In fasfo ya ɓata a waje, da wannan kwafi za a je ofishin jakadancin Nijeriya a nemi takardar dawowa.

Ran dawowa kuwa, tsaraba ba laifi: dabino, tasbaha, turare, atamfa, ruwan Zamzam galan guda mai lita 5 ga ko wane mai Umra. Amma masu dawowa ta ƙasa su sani kwastan ba su yarda a shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa ba, haka kajin ƙanƙara da dilar gwanjo. In an kama za a ƙwace, kuɗi sun tafi. Ban ma ga dalilin da zai sa mutumin Yawuri ya ɗauko shinkafa daga Kwatano ba, ga tamu jibge a kasuwar Yelwa. Wanda kuma ya dawo ya ga zazzaɓi ya kama yaro ko babba, ya kai shi asibiti a ranar, ya gaya wa likita ƙasar da suka fito.