Yini Guda Tare Da Malamin Gwaji

 

Mu 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, amma tunda kuka ɗora mana kwamitin iyayen yara, dole mu faɗi abin da idonmu ya gani. Ran Talatar nan muka rufe shago, muka yini a ƙaramar sakandaren da 'ya'yanmu ke zuwa, muna bin wani saurayi daga Kwalejin Ilimi ta Zuba, cikin malaman gwajin nan da yara ke kira 'yan TP. Kwalejin nan tun 1996 take, kuma duk mai neman takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar da gwamnati ke yarda mutum ya koyar da ita, sai ya yi shekara 3, a ciki a turo shi aji ya gwada.

Yaron nan daga sallar asuba ya kama hanya, mota biyu ya hau, da kuɗin aljihunsa, don ba shi da albashi. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya kai littafin shirin darasi an sa masa hannu. Ya shiga aji ɗaya, lissafi. Jama'a, aji ya cika har bakin ƙofa, wasu a ƙasa! Ga ɗan Gwari, ga ɗan Ibo, ga Bayarabe, ga namu. Da Turanci zai koyar, alhali namu da yawa ba su kama Turancin ba. Sai mu ga ya sunkuya wajen yaro ya raɗa masa da Hausa, ya miƙe ya ci gaba. Minti 40 ke nan, ko zama bai yi ba, aka kaɗa, ya wuce aji biyu.

Can wajen sha ɗaya malaminsa na kwaleji ya faɗo babu sanarwa, ya zauna a baya yana ba shi maki. To, a nan ne muka ji kunya. Yara uku suka shigo a makare, duk namu, an tsayar da su talla da tsaron shago. Ɗaya ma da aka yi masa faɗa cewa ya yi, “Ai kai ba malamin gaske ba ne.” Ina ya ji wannan in ba a gida ba? Mu da a makarantar allo ko gardi ne ya biya maka, ba ka isa ka ɗaga masa ido ba.

Bayan an tashi bai tafi ba. Ya zauna da tulin littattafai yana dubawa, abincinsa ruwan leda da biredi.

Tun 1999 da aka ƙaddamar da shirin UBE ake cewa karatu kyauta ne har ƙarshen ƙaramar sakandare. Gaskiya ne, amma wa zai koyar? Da muka ƙirga malaman makarantar, namu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, darasin Hausa ma babu mai yi. Kullum muna kukan an bar mu a baya a Abuja, amma yaro na gama sakandare sai mu ja shi Dei-Dei.

Ga roƙon kwamiti. Kada a aiki yaro kafin ya dawo daga makaranta. Mai ɗaki a gidansa ya ba 'yan gwajin nan masauki na 'yan watannin da za su yi. Sannan ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu zuwa Zuba bana. Ma'aji na nan bakin ƙofa da littafi, mu mun riga mun rubuta namu.