Kwas Ɗin Manyan Ma'aikatan Gidajen Gyaran Hali



An umurce ni in yi muku bayani game da kwas ɗin sarrafa ma'aikata da akan tura manyan hafsoshi, da dalilin da ya sa ƙarin girma yake tafiya tare da shi. Na san akwai masu gunaguni a cikinku, suna cewa mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da makulli, me wani malami zai koya masa a aji? Tambayar tana kan hanya, amma ku saurara.

A zamanin En'e aikin Yari a bayyane yake: ya ƙidaya fursunoni safe da yamma, ya ga sun ci abinci, kada kowa ya tsere. A cikin shekara ta 1968 aka haɗe gidajen yarin En'e da na Gwamnatin Tarayya, sa'an nan dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta tsara aikin. A 2019 kuwa aka kafa sabuwar doka wadda ta sāke wa hukumar suna zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma kasa aikinta gida biyu, watau tsare masu laifi, da kuma lura da waɗanda aka yi wa ɗaurin talala ko aka sa su aikin gayya maimakon ɗauri.

To, ga inda gizo yake saƙa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da muke tsare da su ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta wajabta wa shugaban hukumarmu, duk bayan kwana 90, ya aika wa manyan alƙalai sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jira. Daga ina sunayen nan za su fito, in ba daga rajistar kowane gidan yari ba? Sashe na 12 na dokar 2019 ya ƙara da cewa in gida ya cika ya batse, lalle Kwanturolan jiha ya sanar da Babban Jojin jiha da Antoni-Janar cikin mako ɗaya. In wata uku suka wuce ba a yi kome ba, yana da iko ya ƙi karɓar sababbin fursunoni. Wannan iko ba ƙarami ba ne. Hafsan da bai iya riƙe rajista ba, bai iya rubuta wasiƙar da joji zai karanta ya gamsu ba, ba zai taɓa amfani da shi ba. Wanda zai sha wahalar kuwa, talaka ne da aka manta da fayil ɗinsa.

Abin da ake koyarwa ke nan: doka, lissafin kuɗin abinci da na magani, rabon aiki tsakanin gandirobobi, da yadda ake kwantar da tarzoma tun ba ta tashi ba. Ana kuma karanta ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 game da riƙon fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela.

Matakan a jere suke. Kurtu yakan fara daga makarantun horo kamar na Kaduna, da Kirikiri a Ikko, da Inugu. Hafsa yakan tafi Kwalejin Ma'aikata ta Kakuri a Kaduna, ko makarantar Ijebu-Igbo a Jihar Ogun. Wanda ya kai ƙoli akan zaɓe shi zuwa cibiyar nazarin manufofin ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, inda zai zauna aji ɗaya da hafsoshin soja da manyan ma'aikatan gwamnati.

Roƙona ga shugabannin gidaje shi ne, kada ku danne sunan yaronku don kawai ba ku da wanda zai maye gurbinsa a ofis. Na sha ganin haka, ba kuwa sau ɗaya ba. Ku kuma ƙananan ma'aikata, kowa ya je ya duba fayil ɗinsa, ya tabbata takardun makarantarsa da ranar kama aikinsa daidai suke, tun kafin a kira jarrabawar ƙarin girma.